Mai Wucewa: Ɗan Najeriyar Da Aka Haifa A Diguel

SHAFI NA 9

Na ga saƙonninku. Wanda ya ce in na ƙara kwana ban saki shafi ba zai zo har Diguel, unguwarmu a N'Djamena, ya ƙwace wayata, bismilla, amma ya taho da kwalekwale, don ruwan sama ya cinye layinmu. Ba jan aji nake ba. Sau uku ina rubuta wannan shafin ina gogewa, saboda a cikinsa ni ne na tafka wautar.

Ga sabbin shigowa: ni ne Junaid. Yayana Salmanu makaniken babura ne. Wani matashi ya kawo masa babur gyara, ashe ƙwato shi ya yi bayan ya soka wa mai shi wuƙa. Mai babur ɗin bai mutu ba, yana asibiti. 'Yan sanda suka kwashe matashin da Yaya Salmanu tare. A inda muka tsaya, kwanansa shida ke nan a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, kuma ran Alhamis za a kai shi gaban mai gabatar da ƙara.

Da safiyar Laraba lauyanmu, wanda muke kira Metir, ya kira yayata Hanatu. Ta buɗe muryar wayar muna ji.

"Maganar babur ba ta dame ni sosai ba," in ji shi. "Makanike ne, gyara aka kawo masa. Abin da ya dame ni labarin nan da ke yawo. Mai gabatar da ƙara ma yana da waya a aljihu. Ba a ba baƙo mai wucewa beli, ana jin zai tsallake gadar kan iyaka ya gudu."

"Metir, wane baƙo? A Diguel aka yanke masa cibi."

"Na sani. Ku kawo min takarda daga mai unguwarku cewa ya san shi."

"Mun je. Ya ce ba zai sa hannu a kan mutumin da duk gari ya karanta cewa ɗan Najeriya ne ba, sai in shafin ya janye."

"To ku sa shafin ya janye, kafin ƙarfe takwas na safen gobe. Katin shaidarsa yana hannunku?"

"Yana jakata. A aljihun rigarsa ta Juma'a na same shi."

"Ki riƙe shi da kyau. Kada ki ba kowa sai ni."

Ya kashe.

Shafin da ake magana, shafin labarai ne na Faransanci da rabin gari ke bi. Metir ya hana ni kama sunansa, don haka ku ma kada ku kama a ƙasa. Ni a aji shida na gudu daga lekol, wato makarantar boko. Na yi tallan katin waya, na yi dako, na yi yaron mota zuwa Mundu na dawo, yanzu ina klando, wato haya da babur. Faransancina na gaisuwa ne da rigima da 'yan sandan hanya. Amma layin nan na haddace shi kamar fatiha, don kwana biyar ina kallonsa:

Un ressortissant nigérian de passage, présumé cerveau d'un réseau de vol de motos.

Yaya Hanatu ce ta yi karatu a gidanmu. Ita ta fassara min tun ranar farko: wani ɗan Najeriya mai wucewa, wanda ake zargin shi ne ƙwaƙwalwar gungun ɓarayin babura.

A ƙasa ga hoton Yaya Salmanu zaune a ƙasa ba riga, fuskarsa tar, an jera babura tara a bayansa. Kusa da shi ga wanda ya soka wuƙar, amma an shafe fuskarsa, sai wani hazo. Shi abin da aka rubuta a kansa: wani matashi ɗan ƙasa, da ake jin jan sa aka yi cikin harkar.

"Tashi mu je ofishin shafin nan," na ce wa Yaya Hanatu.

"Junaid, in mun je ni zan yi magana."

"Na ji."

"Ba ka ji ba. Na san ka. Ka ce wallahi."

Ban ce ba. Na tayar da babur.

Daga Diguel zuwa Mursal, inda ofishin yake, sau biyu muna sauka muna tura babur a cikin ruwa. Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon kwafin takardu. Janareta na ruri a ƙasan bene. A ɗakin farko mutum uku ne, kowa ya duƙa kan kwamfuta.

Na gane ƙeyarsa tun kafin ya juyo.

A ƙasan labarin an sa hannu da A. Nassour. Kwana biyu na yi ina zagin wani Balarabe a raina, kafin wani abokina ya ce min, kai wawa, ai Abdulnasir ne ɗan Malam Falalu mai turare. Gida uku ne tsakaninmu. Tare suka yi allo da Yaya Salmanu. Ya ci tuwon gidanmu ya fi a ƙirga.

Ya ɗago, ya gan mu, ya ce, "Bonjour, madame."

"Ina kwana, Yaya Abdulnasir," na ce da ƙarfi. "Ya Malam? Ya kasuwar turare?"

Sauran biyun suka ɗago kai.

Ya taso da sauri ya kama hannuna. "Yi Larabci a nan," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Me ya sami Hausar? Ta yi tsami ne?"

"Junaid," in ji Yaya Hanatu.

Ya ja mu baranda ta baya, inda ƙarar janareta za ta rufe mu. Sai a nan Hausarsa ta dawo.

"Hanatu, ya jikin Kaka? Ya muka ji da wannan abu?"

"Abin da ka rubuta shi muka zo ji," ta ce. Ta ɗaga masa wayarta. "Ɗan Najeriya. Abdulnasir, a wane gari na Najeriya ka san Salmanu?"

Ta matsa masa wayar kusa da fuska.

"Gungu kuma. Babur ɗaya aka sata. Tara ɗin nan na masu gyara ne, aka kwaso su daga gareji."

"Na uku daga hagu na liman ne," na ce. "Birki ya kawo. Shi ma ɗan gungun ne? Sai mu daina bin sa salla."

"'Yan sanda ne suka jera su, ni hoto kawai na ɗauka."

"Su suka ce maka ƙwaƙwalwa ne?"

"Sun ce suna bincike ko akwai wasu."

"To ina ƙwaƙwalwa ta fito?"

"Ai an sa présumé. Zargi ne. Doka ta yarda da haka."

Yaya Hanatu ta yi wata dariya da ba ta kai ido ba.

"Ka buɗe ƙasan labarin ka karanta min mutum ɗaya da ya ga présumé ɗinka. Mutum dubu biyu sun yi magana. A kore su. A ƙone garejin. Su ne suka lalata mana gari. Wata ma cewa ta yi daga ganin idonsa ka san ya saba kisa. Salmanu, da in za a yanka kaza sai ya fita waje."

"Ba ni na rubuta waɗannan ba."

"Kai ka buɗe musu ƙofa."

Na matso kusa da shi. "Ni abu ɗaya zan tambaye ka. Wa ya ce maka Yaya mai wucewa ne? Faɗa min sunan maƙaryacin. Mai unguwa ne? Makaniken nan na bakin titi da ke baƙin ciki da shi? Wallahi yau sai na..."

"Ka tabbata kana son ji?"

"Faɗa min."

Ya dube ni, ya dubi Yaya Hanatu. Ya zaro wayarsa, ya daɗe yana nema, ya danna, ya miƙo ta tsakaninmu.

Da farko ƙarar cokali a kofi. Sai kukan akuyarmu. Na san kukan akuyarmu.

Sai muryar Kaka Mero.

"Mu? Ai mu Haɗejawa ne, ɗan nan, ka manta? Ba 'yan nan ba ne mu. Kan hanya muke. Ubana ya fito da ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare, ya yada zango a bakin kogin nan. Wucewa muke yi. Ran da Allah ya buɗe hanya sai mu ci gaba."



Kaka Mero ita ta haifi babanmu, ita ta riƙe mu bayan rasuwarsa. Shekarunta sun haura tamanin. A garin nan aka haife ta, tun ana ce masa Fort-Lamy. Ko Kuseri da ke tsallaken ruwa ba ta taɓa takawa ba, balle Haɗeja. Amma ka tambaye ta 'yar ina ce, abin da za ta faɗa ke nan, kalma da kalma. Haka tsofaffinmu duka suke. Shi ya sa ake ce wa garejin Yaya garejin Bahaɗeje, shi da ko a taswira ba zai nuna maka Haɗeja ba.

"Yaushe ka je gidanmu?" Yaya Hanatu ta tambaya. Muryarta ta sauka.

"Washegarin kamun. Kuna komisariya kun kai abinci."

"Jaje ka je yi?"

"Na je jaje, na kuma..."

"Ta dafa maka shayi."

Ya gyaɗa kai.

"Ta san wayarka na ɗaukar maganarta?"

"Na ajiye ta a kan tabarma. Ban ɓoye ba."

"Kaka ta san me waya a kan tabarma ke yi?"

Muryar ba ta ƙare ba. Ya kai yatsa zai kashe, na riƙe hannunsa. Sai muka ji shi, shi da kansa, yana dariya a cikin wayar:

"Haka ne, Kaka. Ai mu ma Zazzagawa ne. Duk kan hanya muke."

Na sake shi.

"To Bazazzagi," na ce, "kai ma mai wucewa ne ashe. Me ya sa ba ka sa hannu da ɗan Najeriya mai wucewa ba? Ka sa Nassour?"

"Junaid, ka saurare ni."

"Ka san abin da take nufi. In wani ne ya ji ya rubuta, sai in ce bai san mu ba. Kai kakarka ma haka take faɗa."

"Na sani! Shi ya sa ban rubuta haka ba!"

Ya buɗe wani wuri a wayar, ya tura wa Yaya Hanatu. Ta karanta a hankali, leɓenta na motsi.

"Me ya ce?" na tambaya.

"Nan cewa ya yi, an kama wani makanike na unguwar Diguel, ana tambayarsa kan babur da aka kawo masa gyara. Zuriyar alhazan ƙafa ne da suka zauna a garin shekara ɗari."

"Wannan na miƙa," in ji Abdulnasir. "Direkta, shugaban shafin, ya ce wane ne alhazan ƙafa. Na yi masa bayani. Ya ce in kunna masa muryar, in fassara masa kalma da kalma. Na fassara. Ya ce Haɗeja a ina take. Na ce Najeriya. Ya ce kan hanya fa. Na ce de passage, amma ba haka ake nufi ba. Ya ce shi abin da aka faɗa yake bugawa, ba abin da ake nufi ba."

"Kai kuma ka bar sunanka a ƙasa."

"Hanatu, mutum ɗari uku ne za su buɗe labarin makanike a Diguel. Wannan mutum dubu arba'in suka buɗe. Kin san sau nawa aka ce min aikina ya yi kyau tun da na zo nan? Ranar ce ta farko."

Ya faɗa, sai ya ji abin da ya faɗa. Ya kawar da kai.

"Shi wancan fa?" na ce. "Mai wuƙar. Me ya sa aka shafe fuskarsa?"

"Kawunsa ya kira kafin mu saki."

"Wane ne kawunsa?"

"Wanda in ya kira ake ɗauka." Ya dube ni. "Ku wa ya kira muku?"



Ƙofar baranda ta buɗe. Wani mutum ne mai ƙiba kaɗan, farar riga tas, tabarau a goshi. Direkta. Na zaci zan ga mugu. Wallahi fuskarsa irin ta kawun da ke raba wa yara alawa ran salla ce. Ya gaishe mu da Larabci, ya ce mu shigo daga zafi, ya sa aka kawo mana ruwan sanyi.

Duk maganar da ta biyo baya da Larabci aka yi.

Yaya Hanatu ta yi bayani tiryan-tiryan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce gobe ne, ta ce beli, ta ce mai unguwa. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"'Yar'uwa, na ji zafinki. Amma nuna min ƙarya ɗaya a ciki. Dattijuwar gidanku ce ta ce ku ba 'yan nan ba ne. Ina da muryarta."

"Magana ce ta tsofaffi. Kamar mutum ya ce duniya ba wurin zama ba ce. Za ka rubuta cewa ba shi da adireshi?"

Ya yi dariya sosai. "Kin iya magana. Kin taɓa tunanin aikin jarida?"

"Wanda ya soki mutum ka kira shi ɗan ƙasa da aka ja. Wanda ya riƙe sufana ka kira shi ƙwaƙwalwa. Wa ya ja wa?"

"Bincike zai nuna. Mu ba alƙalai ba ne."

"Amma kun riga kun raba musu suna."

Ya buɗe hannuwa. "Ni mutum ne mai son gyara. In an kawo min hujja, ina bugawa. Magana kawai kuka kawo. Tsohuwa ta ce kaza, ke kin ce kaza. Wa zan bi?"

Tun da muka shiga nake danne bakina. A nan ya ƙwace.

"Hujja kake so?"

"Junaid, a'a," in ji Yaya Hanatu da Hausa.

Jakarta na kan cinyarta. Na fizge ta.

"Junaid! Metir ya ce..."

"Metir yana ofis yana shan iska, Yaya yana kwana a kan siminti!"

Na zaro katin shaidar Yaya Salmanu na buga a kan tebur. Na zaro nawa daga aljihu na buga a kusa da shi.

"Karanta. Ai ka iya. Wurin haihuwa, N'Djamena. Shi da ni. Ga tutar ƙasa, ga hatimi. Wannan ma maganar tsohuwa ce?"

Direkta ya sauko da tabarau. Ya ɗauki katin ɗaya, ya juya shi, ya ɗauki ɗayan. Ya daɗe yana kallo.

"To," ya ce. "Wannan sabon abu ne."

"Za ka gyara?"

"Dole in buga wannan. Ka yarda in ɗauki hotonsu?"

"Ɗauki goma."

Na ga Abdulnasir a bakin ƙofa yana girgiza min kai a hankali. Na ɗauka kunya ce ke cin sa. Na ma ji daɗi.

Direkta ya ɗauki gaba, ya ɗauki baya, ya miƙo min katunan da hannu biyu.

"Kafin la'asar za ku gani."

A kan bene na ce wa Yaya Hanatu, "Kin gani? Awa guda kina lallashi. Minti ɗaya na gama."

Har muka iso Diguel ba ta riƙe rigata a kan babur ba kamar yadda ta saba.

Mun tarar da Kaka a zaure, kusa da ƙofar gida, inda iska ke shigowa. Tana yanka kuɓewa a faranti.

"Maigidan ya dawo," ta ce. "Ina cefanen? Ko yau ma da yunwa za ka bar amaryar taka?"

Kullum nakan rama. Ranar ban rama ba.

"Kaka, me kika faɗa wa ɗan Malam Falalu?"

"Abdu? Yaron kirki. Shi kaɗai ya zauna ya sha shayi da ni, sauran duk a tsaye suka yi jaje."

"Kin ce masa mu ba 'yan nan ba ne."

"To 'yan nan ne mu?"

"Kaka, a nan aka haife ki! A nan aka haifi Baba, a nan aka binne shi! Maganarki ce ta sa aka rubuta Yaya baƙo, maganarki ce za ta hana shi fita!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba. Wuƙar ta tsaya a hannunta.

"Ni na hana Salmanu fita?"

"Ba haka yake nufi ba, Kaka," in ji Yaya Hanatu.

"Bar shi ya faɗa." Ta ajiye wuƙar. "Ubana da zai rasu ya ce, Mero, duk wanda ya tambaye ki, ki ce kan hanya kike. Ran da kika ce kin zauna, niyyar ta mutu. Haraminsa yana cikin akwatina, ko wanki ban bari an yi masa da sabulu mai ƙamshi ba. Shekara saba'in ina faɗar haka a garin nan, ba wanda ya taɓa kama kowa."

"Da ba a rubutawa, Kaka."

"To in an tambaye ni me zan ce?"

"Ki ce ke 'yar Chadi ce."

"A kasuwa ce min suke 'yar Hausa. Waɗanda suka zo daga Kano bara ce min suke 'yar Chadi, suna dariyar Hausata. Takarda ce kaɗai ta tsaya a magana ɗaya, ita kuma ban iya karanta ta ba."

Ta ɗauki wuƙar, ta ci gaba da yanka. Kuɓewar na fita manya-manya, ba yadda take yi ba.

Na durƙusa. "Kaka, ki yafe ni. An ma gyara. Na kai musu katinmu, yanzu za su janye."

"Allah ya sa," ta ce. Ba ta kira ni maigida ba.

Aka kira la'asar. Na yi salla a gurguje, na dawo na zauna ina jan fuskar waya ƙasa, ina saki, ina ja.

Ƙarfe huɗu da kwata ya fito.

Abin da na fara gani katina ne. Hotona, sunana, ranar haihuwata, ba abin da aka shafe. Na Yaya a sama, nawa a ƙasa.

"Ya fito!" na ce. "Yaya Hanatu, zo ki karanta! Ga tchadienne nan, na gan ta da idona!"

Ta karɓi wayar. Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta zauna a kan turmi.

"Karanta mana."

Ta karanta da Faransancin, a hankali:

Le Nigérian de Diguel détenait une carte d'identité tchadienne. Son frère aussi.

"To ai shi ke nan. Sun ce yana da katin Chadi."

"Ba su ce yana da shi ba."

"Ga shi nan kin karanta!"

"Détenait, Junaid. Ba su ce katinsa ne ba. Cewa suka yi an same shi da shi. Kalmar da ake sa wa wanda aka kama da wuƙa ce, ko da ƙwaya." Ta nuna min layin da yatsa. "Ɗan Najeriyar nan na Diguel an same shi da katin shaidar Chadi. Ƙaninsa ma haka."

"Ƙaninsa..."

"Kai."

Ta ja ƙasa. "Ga layin ƙarshe. Ta yaya suka same shi, kuma mutum nawa ne irinsu a cikinmu?"

Maganganu sun fara zuba a ƙasa, ina ganin lambar tana hawa. Arba'in. Saba'in. Ɗari da goma. Ban ce ta fassara min ba. Akwai kalmomin da ko ɗan aji shida ya sani.

Wayarta ta yi ƙara. Metir.

"Wa ya ba su katin?"

Yaya Hanatu ta dube ni.

"Hanatu, na ce wa ya ba su?"

"Ni ne, Metir," na ce.

Ya ja numfashi mai tsawo. "Da safe ina da makanike da aka kawo wa babur. Yanzu ina da baƙo da ake tambayar inda ya samo takardun ƙasa. Ku manta da beli gobe. Ku nemo min takardar haihuwar babanku, da ta kakarku in akwai."

"Kaka ba ta da ita. Lokacinsu ba a yi."



"Zan kira ku," ya ce.

Bai gama kashewa ba tawa ta ɗauki ƙara. Baƙuwar lamba.

"Junaid, Abdulnasir ne."

Da Hausa. Da ƙarfi. Ina jin janaretan ofishinsu a bayansa, ina jin muryoyin abokan aikinsa, amma bai sassauta ba.

"Wallahi ba ni na rubuta wannan ba. Na ce wa Direkta in ya buga na bar aikin, ya ce ƙofa a buɗe take. Ka saurare ni. An kira shi yanzu daga wajen hukuma an tambayi lambar gidanku, ya ce in bayar, na ƙi. Amma tana jikin takardar da aka cike ran kamun. Kana gida?"

"Ina gida."

"Ka fita. Ka bar babur ɗin, ka bi ta baya, ka tafi unguwar Butalbagar wajen 'yan'uwanku."

"In na gudu me za su rubuta?"

Mu duka mun san me za su rubuta.

Sai na ji mota tana keta ruwan layinmu. Layinmu da ko klando ba ya shiga tun da damina ta kankama. Ta zo daidai gidanmu, ta tsaya. Ba a kashe injin ba.

Ƙofofi suka buɗe. Takalma a cikin taɓo.

Ni ina tsakar gida. Yaya Hanatu tana kan turmi. Kaka ce kaɗai a zaure, taku biyu daga ƙofa, da farantin kuɓewa a cinya.

Aka buga sau uku.

"Wane ne?" in ji Kaka.

Aka tura ƙofar. Wata murya ta yi sallama da Larabci, cikin ladabi, irin na wanda ya ga tsohuwa.

"Hajiya, tambaya ɗaya za mu yi. Ku mutanen gidan nan, 'yan ina ne?"

Na taso da gudu. Santsin taɓo ya kwashe ni.

Ina ƙasa na ji Kaka ta ajiye farantin, ta gyara murya.